Daga Kaura Namoda Zuwa Ƙofar Bedford

Kawu ya bar Kaura Namoda tun muna jihar Sakkwato. A 1995 ya tafi, saura shekara guda a yanke mana Zamfara, kuma daga ranar zuwa yau sau huɗu kacal ya tako gida. Da ya tashi aurar da 'yarsa ta fari a watan Oktoba na 2023, sai ya kafe kan cewa ba za a shafa fatiha ba sai da wani daga ɗakin Inna a wurin. Inna ƙafa ta hana ta ko zuwa Gusau, Yaya kuma ga dawa a gona ba a yanke ba, sai abin ya faɗo kaina. Wahalar neman biza ba zan tsaya a kanta ba, wanda ya nema ya sani.

Sai da rana ta ɗaga na fito gida, don yanzu ba mai sammako a hanyoyinmu. Daga Kaura zuwa Gusau ana ta hira a mota, ana gardamar kuɗin taki. Muna wuce Tsafe kowa ya yi tsit. Wata tsohuwa a bayana ta ciro carbi, direba ya kashe rediyo ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ba a dawo da magana ba sai da muka hango Funtuwa. Na kwana Kaduna, da safe na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu. Shi ne jirgin da aka kai wa hari ranar 28 ga Maris 2022, aka dakatar da shi har watan Disamba na shekarar. Ina zaune ina kallon daji ta taga, ina lissafi a raina: wata takwas ya yi a tsaye, aka dawo da shi. Ni kuwa ɗan garin da dogo ya ƙare ne. Layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, a Kaura ya ja birki tun 1929, kuma kakana, mahaifin Inna da Kawu, a tashar nan ya nemi abincinsa, yana loda buhunan gyada da dilolin auduga a tarago. 'Ya'yana kuwa ba wanda ya taɓa jin kukan jirgi a cikinsu.

Daga Abuja muka sauka Alƙahira, muka sake jirgi, muka yi kusan awa goma sha biyu a sama kafin filin jirgin Kennedy da ke Niyok. Ɗan Kawu na biyu, taubashina, shi ya tarye ni. A can aka haife shi, Hausarsa tana ɗingishi amma tana kai shi inda za shi. Wani ƙaramin jirgi marar direba ya kai mu tashar Howard Beach, a nan ya ɗora wayarsa kan wani ɗan gilashi, ƙarfen shiga ya juya, dala biyu da santi casa'in ta fita, ya sake ɗorawa saboda ni. Muna tsaye muna jiran jirgin da suke kira A, sai ya ja hannun rigata.

"Yaya, mu matsa gaba. Tarago na farko za mu shiga."

Na ce me ya raba na farko da na ƙarshe, ba duk wuri ɗaya za su ba? Ya ce, "Ƙofar Baba a gaba take."

Ban gane ba, na dai bi shi. Jirgin ya fara tafiya a sarari, ina ganin rufin gidaje da ruwa-ruwa, can sai ya nutse cikin ƙasa, taga ta koma baƙi ƙirin, kunnena ya toshe. Da muka sauka a tashar Nostrand, yawancin mutane suka yi baya, mu da wasu muka yi gaba, muka bi wata doguwar hanya mai farin tayil da fitilu tar, muka hau matakala. Muna ɓullowa sai ƙamshin turaren wuta ya dake ni. Mahaɗar titin Bedford da titin Fulton ke nan, a unguwar Bedford-Stuyvesant ta Buruklin. Ga Masallacin At-Taqwa a kusurwa, ga mai teburin miski da carbi da huluna, ga shagunan nama halal, kunne yana jin Fulatanci da Larabci da harshen mutanen Sanagal. A bakin matakalar kuwa ga Kawu tsaye, ya ɗora jibgegiyar rigar sanyi kan kaftani, yana dogare da sanda.

Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗago ni, ya tambayi Inna, ya tambayi Yaya, ya tambayi waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya kamar bai riga ya ji a waya ba. Bakinsa na Zamfara yana nan yadda ya tafi da shi, Amurka ba ta taɓa shi ba. Da muka gama, sai ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa koren ƙarfen matakalar sau biyu.

"Ɗana, ka ga wagga ƙohwa? Shekara ashirin da biyar ina wuce ta ban san tana nan ba."

Da dare, kan tuwon shinkafa da miyar kuka wadda matarsa ta kaɗa da daddawar da na zo da ita, ya ba ni labarin. Tashar Nostrand tun 1936 aka buɗe ta, hawa biyu ce a cikin ƙasa: jirgin A mai gudu a sama, jirgin C mai tsaye-tsaye a ƙasa. Waɗanda suka gina ta sun yi mata baki a titin Nostrand, sun kuma ja mata hanya har titin Bedford. Lokacin da Kawu ya zo, bakin Bedford a toshe yake, kuma ba wanda ya ce masa akwai shi. Ya yi shekaru yana tuƙin tasi, abin bai dame shi ba. Da gwiwa ta fara ciwo ya ajiye tasi ya kama aikin gadi a Manhatan, sai ya zama kullum bayan Asuba zai fito daga masallaci ya taka har Nostrand, da yamma ya tako ya dawo. Akwai tashar Franklin kusa da su, amma da rana C kaɗai ke tsayawa a can, mai sauri kuwa A yake nema.

Washegari na je na auna da ƙafata. Taku ɗari huɗu da 'yan kai na ƙirga daga bakin Bedford zuwa bakin Nostrand. Ga mai lafiya ba komai ba ne, bai kai daga gidanmu zuwa bakin kasuwa ba. Amma na tuna mutum ne da ya haura sittin, gwiwa a kumbure, a watan Janairu, dusar ƙanƙara ta daskare a ƙasa tana santsi kamar an zuba kuɓewa. Ya ce sau biyu yana faɗuwa a tsakanin nan. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yakan ji gurnanin jirgin yana wucewa a ƙarƙashin ƙafarsa ta ramukan iska, ya san ya rasa shi, alhali da ƙofar a buɗe take da yana ciki.

Wanda ya ba ni asalin labarin wani dattijo ne Baƙar fatar Amurka da muka haɗu da shi a sahu ranar Juma'a, abokin Kawu, haifaffen unguwar. Shi ya san ƙofar tana buɗe yana yaro, ya kuma ga lokacin da ta zama wurin da uwa ke hana ɗanta bi. Taubashina yana taya ni da abin da Turancina bai kama ba. Ya ce a 1975 birnin Niyok ya kusa tsiyacewa, baitulmali ya bushe, aka sallami ma'aikata da 'yan sanda da yawa. Jiragen suka lalace, aka bi jikinsu da rubuce-rubucen fenti, fasinja suka gudu, har yawan masu hawa a shekara ya faɗo ƙasa da biliyan ɗaya. Sai kuma ƙwaya ta shigo unguwanni a shekarun 1980. A 1990 kaɗai mutum 2,245 aka kashe a birnin. Ya nuna mini gefen titin da muke tsaye, ya ce a farkon 1988 jama'ar masallacin nan, ƙarƙashin limaminsu Siraj Wahhaj, suka yi kwana arba'in suna sintiri dare da rana cikin sanyi, da sanin 'yan sanda, don korar dillalan ƙwaya daga layin. Yana cikin waɗanda suka tsaya.

A irin wannan hali, in ji shi, doguwar hanya a ƙarƙashin ƙasa wadda ba ma'aikaci a cikinta tarko ce. A watan Maris na 1991 aka yi wa wata mata fyaɗe a wata hanyar ƙasa da ta bi ƙarƙashin titi na shida a Manhatan, tsakanin layi na 34 da na 42. Gari ya ɗauka, hukumar jiragen ta rufe hanyar, ta kuma bi wasu lunguna goma sha biyar da aka fi jin tsoro ta garƙame. Ga kuma maganar kuɗi. A wancan zamanin, da wani kwabon ƙarfe ake shiga jirgi, kuma kowace ƙofa tana son mutum zaune cikin rumfar gilashi yana sayar da shi. Jirgin Niyok ba ya kwana, dare da rana yake aiki, don haka ƙofa ɗaya albashin mutum uku ko huɗu ce. Hukumar da ba ta da kuɗi, ga tsoro ya cika gari, sai ta ga rufewa ta fi sauƙi. Tun daga shekarun 1970 har cikin na 1990 ana ta rufewa, wata da bulo, wata da ƙyauren ƙarfe, wata a zuba mata siminti a kai ta koma daɓen titi.

Ban ga laifin waɗanda suka rufe ba, kuma na faɗa wa dattijon haka. Wanda aka damƙa wa amanar rayukan mutane, ya wayi gari da irin wancan labari, ba shi da hannun da zai tare lungun, dole ya sa kwado. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Tsoron ya wuce, kisan kai ya ragu ƙwarai, unguwa ta cika ta batse, kuɗin haya ya hau, amma kwadon yana nan. Wanda ya sa shi ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ya tarar da bango ya ɗauka haka aka gina. A wajajen 2015, shekarar da jiragen suka ɗauki fasinja sama da biliyan ɗaya da miliyan ɗari bakwai, adadin da rabon a gan shi tun 1948, tasha fiye da ɗari cikin 469 tana da bakin da ke rufe. Mutane suna cunkushewa a matakala ɗaya kamar tumaki a ƙofar garke, suna tsayar da jirgi don kowa tarago ɗaya yake son shiga, ga kuma wata matakalar a ɗaya ƙarshen tana shan ƙura. A ganina, duk hukumar da za ta rufe wata hanya don tsaro, ya kamata a takardar da ta ba da umarnin ta rubuta ranar da za a dawo a duba, da sunan ofishin da zai duba ɗin.

Na tambayi dattijon, to me ya sa aka waiwayo su? Ya ce abubuwa ne suka taru. Na farko, kwabon ƙarfe ya tafi a 2003, kati ya maye gurbinsa, yanzu ma waya ake ɗorawa, don haka ƙofa tana iya aiki ba mai rumfa, sai ƙarfen shiga da kyamara da maɓallin kiran agaji. Na biyu, guguwar Sandy ta Oktoban 2012 ta cika ramin jirgin L da ruwan gishiri a ƙarƙashin kogi, aka shirya gyara mai tsawo, aka ga fasinjansa za su kwararo wasu layuka. Sai MTA, hukumar jiragen birnin, ta tuna tana da ƙofofi a ajiye, tsakanin 2017 da 2019 ta buɗe na tashoshin Flushing da Hewes da Metropolitan, duk a Buruklin. Da mutanen wasu unguwanni suka ga ashe abin mai yiwuwa ne, sai suka tashi. Su na Bedford sun yi shekaru suna zuwa taron unguwa, suna rubuta takarda, suna damun wakilansu. Daga ƙarshe aka haɗa kimanin dala miliyan biyu, wani kaso daga hannun 'yan majalisar jiha masu wakiltar yankin, aka kankare, aka sa fitilu da kyamarori da ƙarafan shiga. A watan Fabrairu na 2021 aka buɗe, bayan fiye da shekara talatin. A garin da sabuwar tasha guda ke cin ɗaruruwan miliyoyi, wannan kuɗi kamar kuɗin cefane ne, don ramin yana nan, matakalar tana nan, kakanni sun riga sun biya.

Kawu ya ce, "Ran da anka buɗe ta, sau ukku na sauka na hau, ba inda za ni. Mai sayar da turare yana ta yi man dariya."

Mai turaren kuwa, wani mutumin Gine ne, da kansa ya gaya mini cewa tun da aka buɗe bakin ya matso da teburinsa, cinikinsa na yamma ya ƙaru. Na zauna wurinsa wata ranar Talata daga La'asar zuwa Magariba ina kallo. Duk bayan 'yan mintoci ƙasa takan amayo mutane: ma'aikatan asibiti da kayan aikinsu, 'yan makaranta da jakunkuna, wata tsohuwa mai jan keken cefane tana hawa taki ɗaya tana hutawa. Wani ya tsaya ya sayi ayaba, wani ya leƙa shagon aski, wasu suka tsallaka masallaci. Kusurwar ba ta taɓa zama ba kowa ba ko na minti biyu. Na tuna maganar dattijon, cewa lungu ba ya zama na ɓarayi sai ƙafa ta ɗauke daga cikinsa. Lokacin da aka rufe bakin don tsoro, an kwashe mutanen da ke sa wurin ya zama da ido, sai saman titin ma ya ƙara zama kufai da dare.

Daga nan abin ya shiga raina. Kwanakin da suka rage kafin biki, duk inda taubashina zai kai ni, sai in ce mu bi ta ƙasa. Ya koya mini gane tabon tsohuwar ƙofa. A cikin tasha za ka ga bango yana tafiya da tsohon tayil mai ruwan madara, kwatsam sai wani yanki mai faɗin ƙofa ya fito da sabon tayil fari fat. Ko ka ga ƙyauren ƙarfe da sarƙa, in ka kara ido a ramin za ka hangi matakala tana hawa cikin duhu, da tsohon allo mai sunan titi da kibiya tana nuna inda ba mai zuwa. A waje kuma, faffaɗan faranti na ƙarfe a gefen titi, mutane suna takawa suna wucewa. Ya nuna mini fitilun da ke bakin matakala, masu kama da ƙwallo: kore na nufin shigo, ja na nufin nan ba mashiga ba ce. A kusa da babbar tashar Penn ya tsayar da ni ya ce a ƙarƙashinmu akwai hanyar da a da take haɗa ta da tashar Herald Square, an rufe ta tun shekarun 1980, har yau dubban mutane sai sun fito sama sun kutsa cikin cunkoso da ruwan sama kafin su sake nutsawa. Waccan ta titi na shida ma, wadda aka rufe a 1991, tana nan a rufe.

Akwai wata gardama da ban so in tsallake ba, don ta sa na rage zafin ra'ayina. A 1990 Amurka ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce in za a yi wa wurin jama'a babban gyara, to a yi shi yadda mai keken guragu zai iya shiga. Shekaru da dama ana cewa buɗe tsohon baki zai iya jawo wajabcin sa lif, lif kuwa a tsohuwar tasha miliyoyi masu yawa yake ci, sai a bar bakin a rufe a huta. Da na fara jin haka na ɗauka hujjar ƙin aiki ce kawai. Sai ranar nan a bakin Bedford na ga wata mata da jariri a keke, ta tsaya a kan matakala tana duban fuskokin masu wucewa, har wani saurayi ya kama mata gaban keken suka sauka da shi. Lokacin da na je babu lif a tashar, kuma tashoshin birnin da mai keken guragu ke iya shiga ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. A 2022 hukumar ta amince a gaban kotu cewa za ta kai kashi 95 cikin ɗari nan da 2055. Na dubi Kawu yana sauka, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a sanda, yana cije leɓe. Ƙofar ta rage masa taku ɗari huɗu, amma matakalar tana nan tana jiran ranar da gwiwar za ta ƙi gaba ɗaya. Duk da haka ban yarda a hana mai sanda sauƙinsa na yau don ba a gama wa mai keke nasa ba. A buɗe, a kuma ci gaba da bin bashin lif ɗin.

Daren jajibirin ɗaurin aure, mata suna can ciki suna ƙunshi, ni da Kawu muka zauna a falo da shayi. Ya sake maimaita watan da aka buɗe ƙofar, Fabrairun 2021, sai na ji gabana ya faɗi. Na ce Kawu, ai a watan nan ne aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, ranar 26 ga wata, aka rufe makarantun kwana. Ya ajiye kofinsa. Na ba shi labarin Satumbar shekarar, wanda ya ji daga nesa amma bai gani ba: aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka hana safarar dabbobi, aka yanke layin waya. Shi da kansa ya yi makonni bai ji muryar Inna ba, sai in wani ya shiga Funtuwa ko Sakkwato ya kira shi ya ce kowa lafiya. Na gaya masa yadda rumfunan Kasuwar Daji da na Shinkafi suka koma wurin kwanan awaki, yadda mai sayar da ƙuli da mai ɗinkin takalmi da mai turin baro suka rasa na tuwo, su da ba su taɓa satar ko kaza ba. Waɗannan dai an buɗe su daga baya. Amma akwai makarantun ƙauye da har yau ba a koma ba, akwai hanyoyin da mota ta daina bi ciyawa ta cinye, akwai asibitocin karkara da ma'aikaci ya kulle ya taho birni da makulli a aljihu. Ba wanda ya ce an rufe su har abada. Kowa cewa ya yi sai abin ya lafa.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Nan ma haka sunka ce."

An ɗaura aure lafiya bayan sallar Azahar, na karɓi waliccin da aka aiko ni in yi, aka ci shinkafa irin ta Sanagal da waina irin tamu. Ranar da zan taho, Kawu ya rako ni har bakin Bedford, ya ce ba zai sauka ba, gwiwar ta tashi da fushi. Ya riƙe hannuna ya ce in na isa gida in je tasha in ɗauko masa hoton tagar da ake sayar da tikiti.

Sai da na kwana huɗu a Kaura, na gama rabon tsaraba da karɓar barka da zuwa, sannan na je. Na biya na ɗauki wani tsoho, abokin kakana na ƙarshe da ya rage, wanda ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Muka tafi a hankali, yana riƙe da kafaɗata. Iskar hunturu ta fara kaɗawa. Ginin yana nan, da kaurin bangonsa irin na Turawan da. Dogon ma yana nan, wani wuri ya fito fili yana ƙyalli inda ƙafa ke gogarsa, wani wuri ƙasa ta binne shi, tumaki suna kiwo a tsakanin ƙarafan. Baba tsoho ya riƙa nuna mini da baki: nan ake tara gyada, nan ma'auni yake, nan kan jirgi ke shan ruwa, nan mata ke jera ƙwaryar fura in jirgin Zariya ya kusa. Wasu yara uku da ke buga ƙwallon tsumma suka bar wasa suka biyo mu. Ɗaya ya ce, "Baba, wai da gaske jirgi na zuwa nan?" Tsohon ya dube shi ya ce, "Uban ubanka a cikinsa ya tahi Zariya karatu."

Na sami tagar. Ƙaramar taga ce mai sandunan ƙarfe, katakon gindinta ya lotsa a tsakiya inda hannaye suka yi ta ajiye kuɗi suna ɗaukar tikiti. Na sa tafin hannuna a lotsawar, ta yi mini daidai. A gefenta ga ƙofa da kwado, tsatsa ta rufe shi har ramin makullin ya toshe. Na ɗauki hoton tagar, na ɗauki na ƙofar, na tura wa Kawu ta WhatsApp.

Can safiya ce a wurinsu, bai fi minti biyar ba sai ga saƙon murya. Na kunna, na kara wa Baba tsoho a kunne, yaran suka matso. Kawu ya ce ita ce, a nan ya sayi tikitinsa na farko, sule-sule ya tara. Ya yi shiru, ana jin ƙarar mota a bayansa da muryar mai turare yana ciniki. Sai ya ce, "To wanga kwado, makullinai na hannun wa?"

Na dubi Baba tsoho. Ya ce ya san wanda aka bar wa, ya rasu, amma ɗansa yana nan Sabon Gari yana gyaran babur. Muka yi da shi gobe bayan La'asar zan zo in ɗauke shi mu je mu tambaya.